Nasiha Ga Samari Masu Gyaran Gidajen Da Ruwa Ya Ci

Ya ku 'ya'yana samari, ku da Allah ya sanya abincinku a tafin hannunku, magina da birkiloli da kafintoci da masu fenti, har da leburorin da ke fitowa bakin titi tun da asuba da shebur da diga suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini, ina so in yi muku magana a kan wani al'amari wanda ba a cika ambatonsa ba, ko a majalisar dattawa ko a bakin masu ba da aiki, alhali kuwa ƙirjinku ne yake ɗaukar nauyinsa shi kaɗai.

A daren 9 ga Satumba na shekarar 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya afka wa Maiduguri mutane suna barci, ya mamaye Gwange da kasuwar Monday Market da harabar fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba mutum wajen 400,000 da muhallansu, abin da birnin bai ga irinsa ba tun ambaliyar 1994. Duniya ta ji labari, an kawo kwale-kwale, an kafa sansanoni, an raba abinci, Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka. Amma sa'ad da ruwa ya janye, masu ɗaukar hoto suka naɗe kayansu suka tafi, sai wata ƙungiya ta shiga cikin gidajen nan ba tare da kowa ya ƙidaya ta ba, wato ku, masu kwashe laka da fitar da katifu da kankare bango da sauke silin. Kuma haka abin yake a Haɗeja da Maraɗi da Mokwa da duk garin da damina ta yi wa ɓarna. Mutane suna ɗauka cewa janyewar ruwa ita ce ƙarshen musiba, alhali ga ma'aikaci a ranar ce haɗarinsa yake farawa.

Ku fara duba irin ruwan da ya shiga. Ku da kuka yi karatun Ishmawi a zaure kun san hukuncin ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari, cewa bai halatta a yi ibada da shi ba, bai kuma halatta a yi al'ada da shi ba. To, ruwan ambaliya, kafin ya iso tsakar gidan da za ku gyara, ya riga ya ratsa masai da sokawe da kwatami da turken dabbobi da juji, ya kwaso abin da ya kwaso, sa'an nan ya zauna kwana da kwanaki a cikin ɗaki, ya tafi ya bar dukkan wannan a cikin lakar da za ku sa hannu ku ɗebe. Ina kuma so ku riƙe wani bambanci: tsarkin da shari'a take nema don alwala hukunci ne da aka rataya a kan abin da ido da hanci da harshe suke iya ganewa, ƙwayoyin cuta kuwa ba su da launi ba su da wari, saboda haka rijiyar da ambaliya ta shiga tana iya yin garau bayan mako biyu, a yi alwala da ita, alhali shanta ba tare da tafasawa ko sa mata magani ba ganganci ne. Ba a rufa wata guda da ambaliyar Maiduguri ba sai da gwamnatin Barno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara a farkon Oktoba, kuma hanyar kwalara da taifot ɗaya ce, daga hannu zuwa baki, ta wajen ma'aikacin da ya goge hannu a wando ya karyi goro ko ya damƙi rogo da ƙuli.

Akwai kuma cutar da take shiga ta fata, wadda likitoci suke kira leptospirosis, ƙwayarta tana fitowa daga fitsarin ɓera da na shanu da karnuka, tana rayuwa makonni a cikin laka mai danshi, ta shiga ta kaushin ƙafa ko ƙujewar hannu ko ta ido in ruwa ya fantsama. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da ciwon kai da tsamin sha-raɓa da jan ido, a ce maleriya ce, a sha maganin maleriya bai yi ba, wani har idonsa ya yi ɗorawa ƙodarsa ta tsaya, alhali da an gane ta da wuri maganinta yana nan, ba shi da tsada. Haka nan ƙusar da ke ɓoye cikin taɓo, wadda illarta ba daga tsatsa take ba kamar yadda ake faɗi, daga ƙwayar ciwon sarƙe haƙora take, wadda mazauninta ƙasa ce da kashin dabbobi; allurar rigakafinta ana sabunta ta duk shekara 10, kuma wanda ya taka ƙusa bai san rabonsa da ita ba, ya wanke ciwon da sabulu ya nufi asibiti a ranar.

Amma abin da ya fi damuna, wanda dominsa na ɗauki alƙalami, shi ne fumfuna. Ita fumfuna halitta ce mai rai, 'ya'yanta suna yawo cikin iska a ko'ina da kowane lokaci, ba ta jiran kome sai danshi, har masana suka tabbatar cewa abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48, to ta fara kama shi. Ina kuma ga ɗakin da ya yi mako biyu a rufe cikin zafin Satumba, da katifa da kafet da littattafai da kujerun kushin a ciki? Kun san abin da kuke tararwa in kun tura ƙofa: warin nan mai nauyi da yake tsaya wa mutum a maƙogwaro, layin da ruwa ya zana a bango daidai ƙirji ko wuya, daga sama da layin kuwa ɗigo-ɗigo baƙi da kore da toka-toka suna hawa har silin, takalman fata sun yi gashi fari, bayan sif ya yi baƙi ƙirin. Muddin tana nan lafe ba a taɓa ta ba, abin da take saki cikin iska kaɗan ne in an gwada da abin da zai biyo baya. Da zarar kuwa ka sa mata buroshin ƙarfe ko sanfefa ko tsintsiya tana busasshiya, ko ka fizgo allon silin ya faɗo, sai ka tayar da ƙurar da ta ninka ta farko nesa ba kusa ba, kuma fuskarka ce mafi kusa da ita. Ƙwayar wani jinsinta da ake kira Aspergillus, ƙanƙantarta ta kai a jera 20 ko 30 kafin su cika kaurin gashi ɗaya, don haka gashin hanci ba ya tare ta, tana wucewa har ƙarshen huhu. Ku ƙara da wannan: mutumin da ke zaune yana shaƙar iska lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, mai aikin ƙarfi kuwa yana kai lita 40 ko fiye, kuma galibi ta baki yake ja, ashe maigidan da ya leƙo ya toshe hanci ya ce a yi sauri, da kai da ka yini a ciki kana haki, ba iska ɗaya kuka shaƙa ba.

Illolinta kuwa daraja-daraja ne. Mafi sauƙi shi ne atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido da fata, da tashin asma ga mai ita. Sai kuma wani zazzaɓi da yake zuwa da dare, awa 4 zuwa 12 bayan shaƙar ƙura mai yawa, da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari, wanda guba ce ta jikin fumfuna da matattun ƙwayoyin cuta take haddasa shi, ya lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, saurayi ya ce gajiya ce ya koma bakin aiki. A nan ne ruɗin yake, domin a cikin mutane akwai wanda in shaƙar ta yi ta maimaituwa, jikinsa yakan ɗauki gaba da wannan ƙura, huhunsa ya riƙa kumbura duk ranar da ya shiga irin wannan ɗaki, har a ƙarshe ya yi tabo ya ƙandare, tabon huhu kuwa ba ya gogewa. Tun 1932 wani likita a Ingila ya siffanta wannan ciwo a jikin manoman da ke aiki da ciyawar da ta yi fumfuna, har yau kuma ana kiransa da sunan huhun manomi. Mutum yana da shekara 40, hannunsa ya nuna a sana'a, ana nemansa, amma ba ya iya hawa tsani da kwanon siminti sai ya tsaya ya dafa.

Akwai waɗanda nake roƙonsu don girman Allah kada su karɓi wannan aiki ko nawa za a biya, a kan gabansu kuwa wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko da ya sha magani ya warke sarai, saboda tarin fuka yakan tafi ya bar kogo a cikin huhu, Aspergillus kuwa takan shiga kogon nan ta zauna ta dunƙule, ta jawo tari da rama da tofar da jini, a auna majina ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, wani ma a sake ɗora shi kan maganinta wata shida a banza, alhali maganin da yake bukata dabam ne. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, saboda haka wannan magana ba ta nesa ba ce, a cikin kowace tawagar leburori ana iya samun wanda ta shafa. Haka nan mai asma, da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, da yaron da bai balaga ba wanda ake aikawa cikin silin don jikinsa ƙarami ne. Irin waɗannan a ba su aikin waje, kwaɓa ƙasa ko jido ruwa, ba za a rasa abin da za su yi ba.

Kada ku zaci wannan gafala ta talakan ƙasarmu ce kawai. A ƙarshen Agusta na 2005 guguwar Katrina ta fasa shingayen ruwa na birnin New Orleans a Amurka, kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, kuma da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta duba gidaje a watan Oktoba, ta tarar da fumfuna a fili a kusan rabinsu, ta kuma tarar cewa masu gidaje da ma'aikatan gyara, waɗanda da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani, ba su lizimci rufe hanci yadda ya kamata ba. Daga baya da aka jarraba mutanen birnin aka miƙa musu takunkumi aka ce su sa, kashi 24 cikin 100 ne kaɗai suka sa shi daidai. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, mallakar takunkumi dabam, iya sa shi dabam.

Wanda ake nufi shi ne mai suna N95, mai igiya biyu, ɗaya ta bi ƙeya ɗaya ta bi bayan wuya, da ɗan ƙarfe a sama wanda za ka matse da yatsun hannu biyu ya kwanta a kan karan hanci, sa'an nan ka rufe shi da tafuka ka huro iska, in ka ji tana fita ta gefen ido ko kumatu, bai zauna ba. Shuɗin nan na asibiti da muka saba da shi zamanin korona ba ya manne wa fuska, ƙura tana bi ta gefensa. Hankici da gefen rawani kuwa ƙura mai kauri kawai suke tarewa, abin da ke kisa yana wucewa. In N95 ɗin ya jiƙe da gumi ko numfashi ya yi nauyi a cikinsa, ya gama aiki. Mai gemu ya sani cewa gashi yana hana takunkumi kama fata, ba kuwa ina ce masa ya taɓa sunnarsa ba, sai dai ya bar kankara da sauke silin ga wani, shi ya kama abin da ƙurarsa ba ta kai wannan ba. Na san kuma abin da yake hana da yawanku sawa ba tsada ba ce, kunya ce, kada abokai su ce wane ya cika tsoro, ko su ce Allah ne ke tsarewa. Lalle Allah ne ke tsarewa, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma Imamu Gazali da Shaɗibi da sauran malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta kare. Jikin nan amana ne a hannunka, za a tambaye ka a kansa. Ita kuma gwangwanin madarar da ake sha bayan an tashi wai ta wanke ƙirji, ku sha don ƙarfin jiki, amma ku sani ciki take zuwa, ƙura kuwa tana huhu, hanyarsu ba ta haɗuwa.

Tsarin aikin kansa ba shi da wuyar ganewa, haƙuri yake bukata. Kafin kome a kashe wuta daga mita, a dubi bango da azara ko za su iya ruftawa, musamman ginin ƙasa wanda gindinsa ya sha ruwa, kada kuma a tayar da janareto a cikin ɗaki don hayaƙinsa yana kisa ba sallama. A buɗe ƙofofi da tagogi duka, a fita a ba iska lokaci kafin a shiga. A sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefe. Duk abin da yake tsotse ruwa kuma ambaliya ta zauna a kansa, katifa da kafet da kushin da kwali da allon silin, a fitar da shi a yar, domin fumfuna tana cikin naman abin, wanke bayansa ba ya kai gare ta. Kafin a kankare bango a yayyafa masa ruwa da ɗan sabulu don ƙura ta kwanta, a kwashe da shebur a zuba a buhu tun yana da laima, kada a share shi busasshe. Abin da yake da tauri, kamar tayil da ƙarfe da daɓen siminti, a wanke da sabulu tukuna, sa'an nan a bi shi da ruwan bilic, kofi ɗaya cikin lita 4 na ruwa, ba a ƙara ba, kuma har abada kada a gauraya bilic da maganin wanke masai, don haɗuwarsu tana fitar da iska mai ƙona huhu nan take. Tsohon silin na asbestos a jiƙa shi a sauke shi ɗungurungum, kada a fasa, ƙurarsa tana jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Sa'an nan a jira bango ya bushe, kuma a nan ne za ku yi karo da maigida. Yana cikin sansani ko a raɓe gidan dangi da iyalinsa, zuciyarsa ta ƙosa, zai ce a shafa fenti a rufe baƙin nan ya dawo, kuma wallahi abin tausayi ne. Amma fenti a kan jiƙaƙƙen bango, balle fentin mai, kamar ɗaure gyambo ne da sabon ƙyalle ba a wanke shi ba. Kafin damina ta zagayo zai kumbura ya ɓare, fumfuna ta fito, a sake kiranka ka kankare abin da ka rufe, ka shaƙe shi karo na biyu, 'ya'yansa kuma sun yi wata da watanni suna barci a cikinsa. Allah ya yi mana ni'imar da mutanen New Orleans ba su da ita, wato busasshiyar iskar kaka da hunturu wadda take biyo bayan damina, tana busar da bango kyauta ga wanda ya bar tagogi a buɗe ya yi haƙurin makonni. In kana so ka nuna wa maigida hujja da idonsa, yanki leda mai faɗin taku ɗaya, ka manna ta a bango da salatif ta kowane gefe da yamma, ka dawo da safe. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, bango bai bushe ba.

Wani abu kuma da nake so ku kiyaye shi ne kyautar da ake yi muku a irin wannan aiki da kyakkyawar niyya, a ce ɗauki katifar nan ka shanya, ko buhun masarar nan da ya jiƙe ka kai gida. Ka yi godiya ka bar su, domin katifar za ta kai fumfuna ƙarƙashin hancin jaririnka, masara da gyaɗar da suka yi fumfuna kuwa suna iya ɗauke da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashe ta, ko dabba bai kamata a ba ba. Kayan aikinka ma ka tuɓe su a can, ka ƙulle a leda, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro, a wanke su dabam, kada a kakkaɓe su a tsakar gida.

Game da lada, ku sani cewa ijara a shari'a ba ta inganta sai an san aikin an san ujurarsa, kuma gyaran gidan da ruwan masai ya kwana a ciki ba daidai yake da ɗora bulo a sabon fili ba, saboda haka ba rashin kunya ba ne ku sa kuɗin takunkumi da safar hannu da sabulu cikin ciniki tun farko, a gaban shaidu, ku kuma haɗa baki a kan haka don kada a bar mai nema a ɗauki mai shiru. Dokar Nijeriya ta biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci cututtukan da sana'a take jawowa, amma leburan yini wanda ba shi da takarda ba shi da rajista da wuya hannunta ya kai gare shi, abin da ya tsare wa kansa a bakin ciniki shi ne nasa. Ku kuma iyayen gidan sana'a da 'yan kwangila, yaran nan da iyayensu suka damƙa muku kiwo ne a hannunku, wanda ya tura yaro cikin silin mai fumfuna fuska buɗe shi kuwa yana tsaye a inuwa, ya san ya ɗauki alhaki.

In kuwa rashin lafiya ta zo, kada ku tsaya a shagon mai magani. Tun shekarar 1700 wani likita na ƙasar Italiya mai suna Ramazzini, wanda ya fara tattara cututtukan masu sana'a a littafi guda, ya yi wa likitoci wasiyya su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. Amma likitan da layi ya yi masa yawa ba lalle ya tuna ba, don haka kai ka riga shi faɗa. Ka ce masa ka yi aiki cikin lakar ambaliya, ka faɗi ranar da ka fara da ranar da zazzaɓi ya soma, ka faɗa masa in ƙirjinka yana sakewa ranar hutu ya kuma kama ranar aiki, ka faɗa masa in ka taɓa shan maganin tarin fuka, ko da shekara 10 ke nan. Zazzaɓi mai haɗe da jan ido ko ɗorawar ido ko ƙarancin fitsari ba ya jiran gobe, haka ma numfashin da ke yanke maka magana. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a auna majina, awon da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, in kuma awo bai nuna kome ba alhali tari da rama suna nan, ka nemi a ɗauki hoton ƙirji, ka ambata wa likita fumfunar da ka yi aiki a cikinta.